Kumburin muƙamuƙin yara da ba ciwon haƙori ba: yadda ake gano shi

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin kiwon lafiya na wannan mako, mun rubuta shi don wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara amma yana son a sake karanta masa.

Zancenmu a kan wani kumburi ne da ke fitowa a bakin yaro, ya tashi kumatu ko muƙamuƙi, haƙora su kama girgiɗa. Iyaye da yawa sukan ɗauka ciwon haƙori ne, ko hangum, ko iska. Kafin a gane ba shi ba ne, an ci mako 6 ko 8 ana yawon magani. To wannan cuta ba ta ba da irin wannan lokacin, shi ya sa muka ware mata shiri guda.

Wace cuta ce?

Sankara ce, wato kansa, irin wadda likitoci ke kira limfoma. Limfoma tana tasowa ne daga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu tsaron jiki daga cututtuka. Su ne ke taruwa su yi kaluluwa a hammata ko matsematsi idan mutum ya yi rauni. Limfoma iri-iri ce, amma wadda ta fi kama bakin yara a ƙasashenmu na Afirka ita ce ake kira limfomar Burkitt. Ku riƙe sunan, ana furta shi Bakit, don shi za ku gani a takardar asibiti, ko da Ingilishi aka rubuta ta ko da Faransanci.

Sunan wani likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Ayalan, Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, a Yuganda. A 1957 aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaron da irin kumburin. Da ya bincika tsofaffin takardun asibiti sai ya tarar yaran suna da yawa, kuma galibinsu har da ƙari a ciki. Ya fitar da bayaninsa a 1958. A 1961 shi da abokan aikinsa 2 suka ɗauki tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000 a gabashi da kudancin Afirka, asibiti bayan asibiti, suna tambayar ko ana ganin irin wannan kumburi. Abin da ya fito fili shi ne cutar ta fi yawa inda ake da zafi da ruwan sama, ta yi ƙaranci a kan duwatsu masu sanyi da wuraren da suka bushe ƙwarai. Da aka duba, sai aka ga inda cutar take nan ne zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

A 1964 masu bincike 3 a Landan, Epstein da Achong da Barr, suka gano wata ƙwayar bairos a cikin ƙarin da aka aika musu daga Yuganda. Ita ake kira bairos ɗin Epstein-Barr. Ta yawu take yaɗuwa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita ba tare da ta yi musu komai ba. Matsalar tana zuwa ne idan yaro ya ɗauke ta tun yana ƙarami, ga kuma maleriya tana kama shi a kai a kai. Maleriya tana sa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa, tana kuma raunana tsaron da jiki ke yi wa bairos ɗin. A cikin wannan hali sai a samu kuskure a ƙwaya guda, umarnin da ke cewa ta hayayyafa ya maƙale, kamar totur ɗin mota ya maƙale ba birki. Daga ƙwaya ɗayan nan ƙarin ke tasowa.

Don haka a kwantar da hankali kan abu biyu. Ita sankarar ba a ɗaukarta daga yaro zuwa yaro, ko da kwano ɗaya suke ci. Kuma ba laifin uwa ba ne, ba nononta ba ne, ba kuma wani abin da ta taka ba ne.

Alamomin da za ku lura da su

Cutar ta fi kama yara daga shekara 4 zuwa 7, ko da yake takan kama na ƙasa da haka da na sama har zuwa 'yan shekara 15. Yara maza sun fi kamuwa, kusan ninki biyu na mata.

Alama ta farko ita ce sauri. Wannan ƙari yana cikin waɗanda suka fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinsa na iya ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48. Kumburin da yake kamar goro ran kasuwar nan, kafin kasuwa biyu ta zagayo ya iya kai girman lemo. Idan mahaifi ya tafi fatauci na mako 2 ya dawo ya ga fuskar ɗansa ta canja, to ba abin jira ba ne.

Ta biyu, haƙora. Za ku ga suna girgiɗa ko sun karkace daga layinsu, dasashi ya kumbura ya tura su. A nan ne ake yawan ruɗewa, don shekarun da cutar ta fi kamawa su ne shekarun famfara. Amma famfara daga haƙoran gaba take farawa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuma tashin fuska. Idan turame ne na can ciki suke girgiɗa, biyu ko uku a tare, ga kumatu ya tashi, wannan ba famfara ba ce.

Ta uku, sau da yawa kumburin ba ya zafi daidai da girmansa. Yaro na wasansa, yana bin 'yan maruƙa, sai iyaye su ce ai tunda ba ya kuka da sauƙi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane.

Akwai sauran alamomi da kan biyo baya: ido ɗaya ya turo waje, leɓen ƙasa ko haɓa ya mutu kamar an yi allurar kashe zafi, hanci ya toshe gefe guda, ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro ya rame, ya riƙa zufa da dare. A wasu yaran ma, musamman waɗanda suka ɗan tasa, ba a ganin komai a baki, a ciki ƙarin yake. Idan kuwa ƙafafu suka fara sanyi, ko yaro ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, alama ce ƙarin ya danne laka. Wannan a ranar ake tafiya asibiti, ba a kwana.

Cututtukan da ake ruɗa ta da su

Ƙurjin haƙori yana da zafi sosai, wurin yana ɗumi, galibi akwai ruɓaɓɓen haƙori da za a nuna, kuma yakan tara mugunya. Idan aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, cikin 'yan kwanaki ake ganin sauƙi. To ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: in an sha magani mako guda kumburi bai sauka ba, ko ma ƙaruwa yake, kada a sake sayen wani, a wuce babban asibiti.

Hangum a gaban kunne da ƙarƙashinsa yake fitowa, da zazzaɓi, yakan kama yara da dama a gida ɗaya ko ruga ɗaya, kuma cikin kwana 10 ko kusa da haka yake sauka da kansa. Ba ya girgiɗa haƙori.

Akwai noma, cutar nan mai cin fuska, wadda a wasu wurare ita ma ake ce mata ciwon daji. Ita da gyambo take farawa a dasashi, da wari mai tsanani, naman ya yi baƙi ya zube. Ta fi kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Ita ma ta gaggawa ce, amma maganinta daban ne. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta.

Tarin fuka ma yakan kumbura kaluluwar wuya, sai dai a hankali yake yi, wata da watanni, wani lokaci ya fashe yana tsiyaya. Sannan akwai wasu ƙarurrukan ƙashin muƙamuƙi, da wasu nau'o'in sankarar yara, waɗanda a ido ba su da bambanci da ta Burkitt. A samari da manya masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuma, akan samu wata limfomar dabam da ke fitowa a dasashi ko ganɗa.

Kun ga ke nan, ido kaɗai ba ya raba gardama. Makiyayi kan dubi saniya daga nesa ya ce wannan sammore ne, wannan hanta ce, kuma sau da yawa ya dace. Amma wannan kumburi, ko likitan da ya ga ɗari irinsa zato kawai zai yi, har sai an duba ƙwayoyin ƙarin a madubin likita.

Abin da za a yi muku a asibiti

Da farko tambayoyi. Yaushe kuka fara ganin kumburin? Yaya girmansa a lokacin? Me aka ba yaron? A nan don Allah a faɗi gaskiya duka, na gargajiya da na kemis da na mai tallan magani a kasuwa. Likita ba alƙali ba ne, so yake ya san inda zai dosa. Daga nan zai duba cikin baki, ya taɓa haƙora, ya lalluba wuya da hammata, ya danna ciki ya ji hanta da saifa, ya gwada ƙarfin ƙafafu.

Sai hoton ƙashin muƙamuƙi. A haƙori mai lafiya akwai siririn layin ƙashi da ya zagaye saiwarsa. A wannan cuta layin yakan ɓace tun da wuri, haƙoran su fito a hoto kamar suna yawo ba abin da ya riƙe su. Hoton yana ƙara ƙarfin zato, amma bai isa yanke hukunci ba.

Babban gwajin shi ne ɗibar samfur daga ƙarin. Hanya biyu ce. Ta farko, a soka siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki, a shafa a gilashi, a rina shi, a duba. 'Yan mintoci ake yi, zafinta kamar na allurar da kuka sani, kuma inda akwai mai dubawa a kusa, sakamako kan fito cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Ta biyu, a kashe zafin wurin ko a sa yaro barci, a yanko ɗan ƙaramin nama kamar ƙwayar wake, a sa a ruwan magani a kai ɗakin gwaji. Wannan ta fi tabbaci, sai dai takan ɗauki mako guda ko fiye. A madubi, ƙwayoyin Burkitt sukan cika fili ƙyam, duk kamarsu ɗaya, da fararen ɗigo-ɗigo a tsakaninsu, har likitoci na kwatanta su da sararin sama mai taurari. A manyan asibitoci akan ƙara wasu rine-rine na musamman don a bambanta ta da sauran limfomomi.

Bayan an san sunanta, sai a nemi iyakar inda ta kai. Za a yi hoton ciki, wanda a Najeriya ake ce wa sikanin, a Nijar da Kamaru da Cadi kuma eko, a duba ƙoda, hanta, hanji da ƙwan mahaifa idan yarinya ce. Za a yi hoton ƙirji. Akan ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu, a kuma ɗebi ruwan laka daga gadon baya. Za a auna jini a ga yawansa, da lafiyar ƙoda, da maleriya, da cuta mai karya garkuwar jiki. Da waɗannan ne ake sanin matakin cutar, daga na 1 zuwa na 4, kuma matakin ne ke nuna ƙarfin maganin da za a ba da.

Tambayoyin da kuka fi aiko mana

Wasu sun ce sun ji daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya bazu. 'Yan'uwa, abin da ke faruwa shi ne galibi ba a kai yaro sai cuta ta riga ta yi nisa, a ɗebi samfur yau, bayan kwana kaɗan ya tsananta, sai a ɗora wa allurar. Cutar da ke ninkawa cikin kwana 2 ba ta jiran allura kafin ta bazu. Jinkirin ne ke ba ta dama.

Wasu kuma tsoron ɗibar ruwan baya suke, wai yana gurgunta yaro. Ana soka allurar ne a ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki na mayar da shi cikin awoyi. Abin da ke gurgunta yaro shi ne ƙarin idan ya kai laka ba a gane ba. Ta wannan hanya ɗin ce ma ake zuba maganin da ke tsare ƙwaƙwalwa da laka.

Akwai mai tambaya ko a cire haƙoran da ke girgiɗa. A'a. Cire haƙori ba ya taɓa ƙarin, sai dai ya bar rami mai zubar da jini, ya kuma cinye kwanaki ana jiran ya warke. Haka sakiya da tsaga da ƙaho. Muna girmama wanzamai, amma wannan kumburi ba mugunya a cikinsa, nama ne. Wanzamin da ya ga irinsa ya ce a wuce asibiti, ya yi wa yaron babban taimako.

Sai wani abu da ya shafi 'yan kasuwa da makiyaya musamman. Ƙwayoyin nan na dekisa da danginsa, da ake sayarwa a kasuwannin kan iyaka don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, har ana yi wa dabbobi allurarsu, suna iya saukar da wannan kumburi na 'yan kwanaki. Iyaye su yi murna, ashe cutar tana nan, ta dawo da ƙarfi. Ƙari a kan haka, suna ɓata samfurin da za a ɗiba, mai dubawa ya kasa gane komai. Kada a ba yaro su kafin gwaji. In an riga an ba shi, a gaya wa likita, a nuna masa kwalin.

Ina za a je, da me za a riƙe?

A fara da likitar da ta fi kusa, amma a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kada a tsaya nan ana canja magani. Manyan asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suna yin waɗannan gwaje-gwaje. A Nijar akwai sashen sankarar yara a Yamai, kuma asibitocin Maraɗi da Damagaram kan tura can. A Kamaru akwai a Yawunde, da asibitocin mishan na Mbingo da Banso da suka daɗe suna jinyar wannan cuta.

Mu mutanen kan iyaka muna da wata matsala tamu. A yi gwaji a wannan ƙasa, a tsallaka waccan neman magani, a tarar an bar takardu a gida, sai a sake komai daga farko, kuɗi ya tafi, kwanaki su tafi. Ku haɗa kowace takarda da hoto a leda guda. Ku ɗauki hotonsu a waya. Ku sa a rubuta sunan yaro iri ɗaya a ko'ina. Ku bar wa asibiti lamba biyu, ta wannan ƙasa da ta waccan, don a same ku idan sakamako ya fito kuna mashekari. In za ku canja asibiti, ku roƙi a ba ku gilashin samfurin ku tafi da shi. Batun kuɗi kuwa, ku tambayi ofishin taimakon marasa lafiya tun ranar farko, don a wasu wurare ƙungiyoyi na tallafa wa maganin yara. In kuma sai an sayar da dabba, gara a sayar da wuri, don jinyar matakin farko ta fi ta ƙarshe sauƙi nesa ba kusa ba.

Ana warkewa?

Ƙwarai kuwa. Saurin girman nan nata shi ne kuma ya sa magani ke cin ta da sauri. Ba fiɗa ake yi ba, magunguna ne ta jijiya da ta baki, zagaye bayan zagaye. Cikin waɗanda suka fara nuna haka tun shekarun 1960 har da likita ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, lokacin yana aiki a Ibadan, kuma a 1972 ya samu lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt da wasu. A yau a ƙasashen Turai da Amurka yara 9 cikin 10 suna warkewa. A ƙasashenmu adadin bai kai haka ba ko kusa, kuma manyan dalilan su ne zuwa a makare da barin magani a tsakiya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cuta cikin sankarorin yara 6 da ta fi mayar da hankali a kansu, da burin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu sankara su riƙa rayuwa kafin 2030.

Ga inda ake yawan faɗuwa. Bayan zagayen farko kumburi kan narke cikin 'yan kwanaki, fuska ta dawo daidai. Uba ya ce alhamdu lillahi, garke na jira, a sallame mu. To saura na nan a ɓoye, kuma in ya dawo ya fi wuyar magani. A cika zagayen duka, a kuma riƙa kai yaro dubawa har shekara guda, don in za ta dawo galibi cikin shekarar farko take dawowa. Kuma kada wani ya sayi waɗannan magunguna ya yi a gida. Lokacin da ƙarin ke narkewa dattinsa kan yi wa ƙoda yawa, sai da ƙarin ruwa da awon jini a asibiti.

Ta ɓangaren rigakafi, duk abin da ya rage wa yaro yawan maleriya alheri ne: gidan sauro ko a ruga ake, musamman lokacin da aka gangara kudu ko bakin fadama, da maganin damina da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara 5, da allurar rigakafin maleriya da Kamaru ta fara a Janairun 2024, Nijar da Cadi da Najeriya suka biyo baya a shekarar.

Iyaye mata, ku ne ke wanke wa yara fuska, ku ne za ku fara gani. In kin ga kumatu ya tashi, ki buɗe bakin ki taɓa turamen. In suna motsi, ki gaya wa maigida a ranar, a kama hanya. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa, a kuma kai ta wurin arɗo da sarkin kasuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.